"Nawa" ɗaya a Hausa, gida-gida a Turanci: yadda ake tambayar lokaci da adadi

Da kalma ɗaya Bahaushe ke tambayar kuɗin tumatir, da yawan 'ya'yan mutum, da lokacin tashin mota, da shekarun yaro. Nawa ne kwandon? Yaranka nawa? Ƙarfe nawa za ta tashi? Shekararsa nawa? Kalmar ba ta sauya kama ko da me aka haɗa ta. Turanci kuwa ya raba wannan aiki gida-gida: tambaya ta farko *how much*, ta biyu *how many*, ta uku *what time*, ta huɗu *how old*. Nan mafi yawan masu koyo ke fara tuntuɓe, domin harshen uwa na jan baki zuwa inda ya saba. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka fara da Faransanci su ma ba su tsira ba, don *combien* ma ba ruwanta da bambance abin da ake ƙirgawa da abin da ake aunawa.

Kalmomin da ke ɗauke da nauyin nan ƙanana ne: *a, an, the, some, any, much, many, few, little, each, every, enough, another, this, what, which*. Turawa na ce musu *determiners*. Su ne ke shiga gaban suna su fayyace shi, su nuna wanne ake nufi, guda nawa ne, kaɗan ne ko da yawa. Makusantansu a nahawun Hausa su ne "wani", "wata" da "wasu", waɗanda ake kira mafayyata. Abin riƙewa tun farko shi ne, sunan da ke biye da su shi ke zaɓar su. Kafin mutum ya buɗe baki ya ce *much* ko *many*, sai ya dubi sunan tukuna.

Turanci ya kasa sunaye kashi biyu, mu kira su sunan ƙirge da sunan awo. Sunan ƙirge yana da tilo da jam'i, yana karɓar lamba kai tsaye: *one bag, three bags*. Sunan awo ba shi da jam'i, ba ya karɓar lamba, ba ya karɓar *a* ko *an*. *Many* ta sunan ƙirge ce a jam'insa, *much* ta sunan awo. Bahaushe ya san wannan rabo sarai, sai dai a kasuwa ya ajiye shi, bai shigar da shi nahawu ba. Wanda ya tsaya gaban mai gero a kasuwar Dawanau ta Kano ba zai taɓa tambayar ƙwayar gero nawa ce a shagon ba. Zai ce, "Alhaji, buhu nawa ya rage?" ko "Kwano nawa ne a buhun?" Gero ba ya ƙirguwa, sai an zuba shi a ma'auni, sannan a ƙirga ma'aunin. To, haka Turanci ke yi. Tambaya a kan geron kansa *How much millet do you have?* ce. Da zarar an sako buhu, sai ta koma *How many bags of millet do you have?* Sunan da ke manne da *many* yanzu *bags* ne, shi kuma yana ƙirguwa.

Wannan dabara ta ma'auni ita ce mafakar duk wanda ya shiga shakka. A gidan mai, *How much fuel?* ko *How many litres?* A wurin mai burodi, *How much bread?* ko *How many loaves?*, in kuwa yanka-yanka ake nufi, *How many slices?* A waya, *How much data do you have left?* ko *How many gigabytes?* Wajen tela, *How much material do I need?* ko *How many yards?* Kowace daga cikin biyun daidai ce. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a haɗa kan wannan da gangar jikin wancan, a ce *how many fuel* ko *how much litres*.

Da a ce ido ne ke yanke hukunci, da magana ta ƙare a nan. Amma Turanci na da nasa son rai. Shinkafa da gero da dawa da masara da alkama, wato *rice, millet, sorghum, maize, wheat*, duk sunayen awo ne. Wake kuwa, da a kwano ɗaya ake auna shi da su, *beans* ne, jam'in sunan ƙirge. Haka gyaɗa, *groundnuts*. Saboda haka *how much beans* ba ta zauna a daidaitaccen Turanci ba, *how many beans* kuma tamkar an ce a zauna a ƙirga ƙwayoyin ne. Mafita ita ce ma'auni: *How many cups of beans?* Kuma wannan rabo ba daga sama ya faɗo ba, yana ma sauyawa. Kalmar *peas* a da *pease* ce, sunan awo kamar *rice*. Mutane suka riƙa jin sautin ƙarshenta kamar alamar jam'i, sai suka ƙirƙiro mata tilo, *pea*, a ƙarni na 17. Al'adar harshe ce kawai, sai an haddace.

Kuɗi ya fi kowa ruɗa mutane, kuma da dalili. A asalin Hausa "kuɗi" jam'i ne, tilonsa "wuri", tun zamanin da ake ciniki da farin wuri, shi ya sa har gobe ake cewa "kuɗin sun ƙare". Ga shi kuma ba abin da aka fi ƙirgawa kamar kuɗi. Duk da haka *money* sunan awo ne: *How much money do you need?* Abin da ke ƙirguwa shi ne takardun da tsabar, *How many notes?*, *How many coins?*, ko kuma ita nairar, wadda ba ta ɗaukar *s* ko da ta kai miliyan: *500 naira*. Canjin da ake nema wajen ɗan kamasho ko mai shago shi ma na awo ne: *Do you have any change?* In aka ce *any changes*, an koma tambayar ko an yi wasu sauye-sauye.

Akwai wani rukuni da Turancin Nijeriya ya saba jam'antawa, har kunne ya daina jin kuskuren: *information, advice, equipment, furniture, luggage, evidence, homework*. Duk na awo ne. A filin jirgi za a tambaye ka *How much luggage do you have?* ko *How many bags?*, ko kuma *How many pieces of luggage?* Kalmar *piece* ita ce mudun irin waɗannan sunaye: *a piece of advice, two pieces of information*. *News* ma, duk da *s* ɗin da ke wutsiyarta, tilo ce ta awo: *Is there any news?* A ɗaya gefen kuma ga *people, police, cattle*, da ba su da *s* amma jam'i ne. *How many people are coming?* Makiyayi za a tambaye shi *How many cattle?* ko *How many head of cattle?*, kuma *head* ɗin nan ba a ƙara mata *s*. A ɓangaren zaɓi-ɗaya na jarrabawar Turanci ta WAEC da NECO da JAMB, irin waɗannan sunaye na daga cikin tarkon da aka saba ɗanawa, don marubuta tambayoyin sun san inda bakin ɗalibi ke zamewa.

Hanyar tabbatarwa ba ta da wuya. Ƙamus ɗin masu koyon Turanci yana sa harafin C a gefen sunan ƙirge, U a gefen sunan awo. A. S. Hornby, wani malamin Turanci ɗan Ingila da ya yi aiki a Japan, yana cikin waɗanda suka kafa wannan tsari a ƙamus ɗin da aka buga a Tokyo a 1942, wanda maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta sake bugawa a 1948. Duk sabon sunan da mutum ya koya, ya koyi harafinsa tare da shi, kamar yadda mai koyon Hausa ke koyon ko suna namiji ne ko mace.

Wani kuskuren kuma daga tsarin ƙirgen Hausa yake fitowa. Mu a bayan lamba tilo muka fi sawa: mutum biyar, kwana uku, shekara goma, mota nawa. Sai ɗabi'ar ta bi mutum cikin Turanci ya ce *how many year* ko *how many child*. Bayan *many* jam'i dole ne: *years, children, women, teeth*. Aikatau ma sai ya bi sahu. *How much is this?* in abu ɗaya ne, *How much are these tomatoes?* in suna da yawa, don a nan *how much* farashi take tambaya, aikatau kuma tumatirin yake bi. Amma tsawon lokaci ko jimlar kuɗi, in an ɗauke su a dunƙule, tilo ake musu: *Is ten minutes enough?*, *Is 2,000 naira too much?*

Sai mu zo kan *time*, inda maganar ta fi kauri. Kalma ce ɗaya mai fuska uku. In tana nufin lokaci mai tsawo ko gajarta, ta awo ce: *How much time do we have?* In tana nufin karo, wato "sau", ta ƙirge ce: *How many times have you called him?* In tana nufin abin da agogo ya nuna, *what* take ɗauka: *What time is it?* Hausa ta bambance ukun nan da kalmomi dabam-dabam, "lokaci", "sau" da "ƙarfe", ta bar "nawa" a yadda take. Turanci ya bar *time* a yadda take, ya sauya abin da ke gabanta. Wanda ya ce *how many time* ya faɗa tsakanin biyu, mai sauraro bai san ko minti ake tambaya ko karo ba.

A gaban mai sayar da magani ake ganin nauyin wannan. A ce an miƙo wa uwa kwalbar maganin tari da fakitin ƙwaya, takardar kuma da Turanci. Tambayoyi huɗu take bukata, kowace da tata kalmar. Yawan ruwan maganin: *How much should I give him?*, amsa ta zo *5 ml*, cokalin shayi ɗaya na awon magani ke nan. Yawan ƙwaya: *How many tablets?* Sau nawa: *How many times a day?* ko *How often?* Tsawon kwanaki: *For how long?* ko *For how many days?* In takarda ta ce *two tablets three times a day for five days*, ƙwaya 30 ke nan jimla, kuma mai saye na iya ƙirga abin da aka ba shi ya ga ko ya cika. Inda haɗarin yake shi ne tsakanin *twice a day* da *every two days*. Ta farko sau biyu a rana, ta biyu sau ɗaya bayan kowane kwana biyu. Cikin kwana huɗu, ta farko shan magani takwas ce, ta biyu biyu kacal. *Every other day* ma ma'anarta a sha yau, a tsallake gobe, a sha jibi. *Every eight hours* kuwa sau uku ne cikin awa 24, da dare a ciki.

A lura da *a* ɗin da ke cikin *three times a day*. A nan ma'anarta "a kowace", kuma ita ce ke shiga tambayoyin albashi da farashi da gudu: *How many hours a week do you work?*, *How much is it a kilo?* *Per* ma na yi, sai dai ta fi kama da harshen takardar ofis. *Every* tana karɓar lamba da jam'i, *every three months*, amma *each* ba ta karɓa. Ba a cewa *each three months*. Ban da haka, su biyun tilo suke bi: *every day, each student*. Tunda "kowane" da "kowace" ne fassararsu duka, bambancin a ji yake. *Each* na ware su ɗaya-ɗaya, shi ya sa ta dace da farashin guda: *How much is each one?* ko *How much are they each?* *All day* kuma wuni guda ne cur, tun safe har yamma, ba "kullum" ba. *Do you work all day?* da *Do you work every day?* tambayoyi biyu ne.

A maganar yau da kullum *how long* ta fi *how much time* yawo, musamman a tafiya da jira. *How long does it take from Kano to Zaria?* Nisa kuma *how far*, wadda a Turancin Ingila ko Amurka kilomita take nema, ba gaisuwa ba ce kamar yadda Pidgin ya mayar da ita. "Tun yaushe kake nan?" ita ce *How long have you been here?* Fassara ta kai tsaye, *Since when?*, tana nan a Turanci, amma sau da yawa da ƙanshin musu ko mamaki take fita, kamar mutum ya ce "tun yaushe kuma aka fara haka?" Gara a guje mata a gaban jami'i ko baƙo. Amsa kuwa *for* take ɗauka in tsawon lokaci ne, *for three years*, *since* in mafarinsa ne, *since 2019*. *Since three years* kuskure ne da "tun" ta Hausa da *depuis* ta Faransanci duk ke haifarwa. Sannan *How long have you been here?* baya take dubawa, *How long are you here for?* gaba, wato kwana nawa za ka yi.

"Kwana" ma na da tata. Bahaushe dare yake ƙirgawa in ya ce kwana uku, kuma a nan ya dace da masu masauki, da ke tambayar *How many nights?* Wanda ya sauka Litinin zai tashi Alhamis, *three nights* zai ce. In ya ce *four days*, sai an sake tambayarsa.

Yanzu *the*, wadda ke iya juya tambaya gaba ɗaya. *Do you have the time?* ƙarfe nawa take nufi, an roƙe ka ka duba agogo. *Do you have time?* kuwa ko kana da sarari. Bambancin haruffa uku ne, amma mai amsa ta farko da *Yes, I am free* ya bar mai tambaya baki buɗe. *What time is it?* ba ta da *the*, *What's the time?* tana da ita, dukansu daidai. *What says the time?* da ake yawan ji a Nijeriya, ta gida ce, ba ta ƙetare iyaka. *What time* ake cewa in amsar a buɗe take. *Which* sai an riga an iyakance zaɓi: *Which day is better, Monday or Wednesday?* Haka *Which bus?* in motoci biyu ko uku ne a tsaye a tasha.

*This, last, next* da *every* in suka shiga gaban sunan lokaci, suna korar *the* da *in* da *on*. *Are you coming next week?*, ba *in next week* ba. *Did you see him last Friday?*, ba *on last Friday* ba. In aka mayar da *the*, ma'ana ta motsa: *last week* makon jiya ne, *the last week* kwana bakwai na baya-bayan nan, ko makon ƙarshe na wani abu, kamar *the last week of Ramadan*. "Yau da safe" *this morning* ce, *today morning* ba ta shiga. "Jiya da dare" *last night*, "yau da dare" *tonight*, amma "jiya da safe" *yesterday morning*. Ba a jere suke ba, haka aka gada.

Zaɓin *a* ko *an* sauti yake bi, ba rubutu ba. *An hour*, don ba a furta *h* ɗin. *A year, a unit, a one-hour lesson*, don da sautin *y* ko *w* suka fara. Rabin awa *half an hour*. Awa ɗaya da rabi hanya biyu gare ta, *an hour and a half* ko *one and a half hours*, ta biyun da jam'i. Ƙarin lokaci kuma *another* ke ɗauka, ko da lamba ta biyo: *Can you give me another ten minutes?* Daidai take da *ten more minutes*. Mai jiran ɗinki da ya gaji zai ce *How much longer?* ko *How many more days?*, kuma *more* a bayan *many* take zama, ba a gabanta ba.

Littattafan makaranta kan ce *some* ta jimlar tabbatarwa ce, *any* ta tambaya da korewa. Rabin gaskiya ke nan. *Any* ta tambayar da mai yin ta bai san amsa ba: *Is there any water in the tank?* *Some* na shiga tambaya in ana sa ran "i", wato a tayi da roƙo. Mai masauki zai ce wa baƙo *Would you like some tea?*, baƙo kuma ya ce *Could I have some water?* Wanda ya yi tayi da *Do you want any food?* bai karya nahawu ba, amma tayin ya fito da sanyi, kamar ana fatan a ce an ƙoshi. Mu da muka san bambancin "bismillah, ga abinci" da "ko za ka ci ne?" bai kamata wannan ya ba mu wuya ba. Haka a lokaci: *Do you have some time this evening?* roƙo ne mai laushi, *Do you have any time at all?* ta wanda ya riga ya ga alamar babu.

Da sunan ƙirge, *any* jam'i ta fi so a tambayar adadi. Malami a ƙarshen darasi *Any questions?* zai ce. *Do you have any children?*, ba *any child* ba. In abu ɗaya ake sa ran samu, *a* ce ta dace: *Do you have a pen?*, *Is there a bank near here?* *Any* da tilo na nan, amma ma'anarta "ko wanne": *Can I come any day?*

"Da yawa" ta Hausa uku ce a Turanci. A tambaya da korewa *much* da *many* na zaune daram: *Do you get much rain here?*, *Were there many people?* A amsar tabbatarwa *much* na yin nauyi a baki. *I have much work* ba kuskure ba ce ƙarara, amma ba haka masu harshen ke faɗa ba, *a lot of work* suke cewa. *A lot of* kuwa ba ta zaɓe, tana bin ƙirge da awo, kamar *enough* da *some* da *any*. *Too much* da *too many* ƙorafi ne, yawan da ya wuce kima. *Is the sugar too much?* na nufin ko ya yi yawa har ya ɓata shayin. Yabon nan na *you are too much* na Nijeriya ne.

"Kaɗan" kuma huɗu ce. *Few* da *a few* na ƙirge, *little* da *a little* na awo. Ƙaramar *a* ɗin ita ke sauya zuciyar maganar. *A few minutes* 'yan mintoci ne da za su wadatar, *few minutes* kuwa kukan ƙaranci ne, kamar a ce "ba su taka kara sun karya ba". Saboda haka roƙo kullum da *a* yake tafiya: *Can I have a few minutes?*, *Could you add a little salt?* A Nijeriya ana yawan yar da ita, a rubuta *I will be there in few minutes*, wanda ke sa jimlar ta gurgunce. *Quite a few*, duk da *few* ɗin da ke cikinta, "da dama" take nufi.

A kan *less* da *fewer* an daɗe ana ja-in-ja. Ƙa'idar da ake koyarwa, *fewer* ga ƙirge, *less* ga awo, ana danganta ta da wani marubuci, Robert Baker, da ya faɗe ta a 1770 a matsayin abin da ya fi masa daɗin ji, daga baya aka mayar da ita doka. A jarrabawa da rubutun ofis a bi ta: *fewer students, less water*. Amma a lokaci da kuɗi da nisa *less* ce daidai ko a wurin masu tsanani: *Will it take less than 20 minutes?*, *Is it less than 5,000 naira?*

*Of* ba ta shiga sai in wani mafayyaci ko wakilin suna ya biyo baya. *How many students came?* tambaya ce a sake. *How many of the students came?* daga cikin wasu sanannun ɗalibai. *How many of students* ba ta da gurbi, haka *most of people*. Da wakilin suna kuwa dole ce: *How many of you are fasting?*, *How much of it is left?*

Jerin kalmomi ma na kayar da mutane. A Hausa suna ke gaba, "nawa" a baya, sauran jimla kuma ba ta motsi. A Turanci *how much* ko *how many* na ɗauko sunanta su zo farko tare, sannan mataimakin aikatau, kamar *do*, ya tsallako gaban mai aiki: *How much time do we have?* Ba a raba su a ce *How many do you have children?* In sunan da ake tambaya shi ne mai aikin, ba a bukatar *do*: *How many people died?*, *How much water leaked?* In kuma aka lulluɓe tambayar da ladabi, jerin na komawa na jimlar labari: *Could you tell me how much it costs?*, *Do you know what time the bank closes?* Masu cewa *Could you tell me how much does it cost?* sun yi tambaya biyu a cikin ɗaya.

Amsa gajeriya na bin sawun tambayarta. *How much?* na karɓar *not much, a little, a lot*. *How many?* na karɓar *not many, a few, a lot*. In babu ko kaɗan, *none* ce ga duka biyun, kuma ita kaɗai take tsayawa, ba ta ɗaukar suna a bayanta. In za a ambaci sunan, hanya biyu ce: *There is no water* ko *There isn't any water*. Haɗa su wuri ɗaya, *There is no any problem*, fassarar "babu wata matsala" ce kalma bayan kalma, "babu" ta zama *no*, "wata" ta zama *any*. A Turanci *no* da *any* kujera ɗaya suke nema a gaban suna, kuma mutum ɗaya take ɗauka.